Masauki Kafin Sansani: Yadda Mutanen Yola Suka Ɗauki Nauyin 'Yan Gudun Hijira a Shekarun 2014 da 2015

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba wani ɓangare na tarihin rikicin Boko Haram wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, watau yadda jama'ar Yola da Jimeta suka karɓi mutanen da suka gudo musu daga arewacin Jihar Adamawa a ƙarshen shekarar 2014, suka kuma ciyar da su da abin hannunsu. Mafi yawan abin da aka rubuta dangane da wannan rikici ya tsaya ne ga yaƙin kansa, watau wane gari aka ci, yaushe aka ƙwato shi, mutum nawa aka kashe. In kuwa an zo maganar 'yan gudun hijira, sai a nufi sansani, domin can ne ake da rajista, can ne kuma 'yan jarida da manyan baƙi suke zuwa.

Amma ƙididdigar da Ƙungiyar Kula da Ƙaura ta Duniya ta fara fitarwa tare da hukumomin Nijeriya tun daga watan Disamba na 2014 ta nuna wani abu dabam. A farkon 2015 waɗanda rikicin ya raba da gidajensu a arewa maso gabas sun haura miliyan ɗaya, kuma kusan tara daga cikin kowane goma ba a sansani suke ba, suna zaune ne a cikin gari, a gidajen mutane. Ke nan wanda ya rubuta tarihin wannan hijira daga rajistar sansani kaɗai, ya rubuta tarihin mutum ɗaya ne ya bar tara. Abin da nake so in nuna shi ne, tsohuwar al'adar saukar baƙo ce ta tare wannan ambaliya kafin hukuma ta farga, kuma al'adar nan tana da iyakar da ba ta iya wucewa, ko da yake ba mu cika son faɗin haka ba.

Tushen al'adar

Ba yau mutanen wannan yanki suka fara sanin hijira ba, kalmar ma tana da daraja a kunnensu. Kowane ɗan makarantar allo ya ji labarin mutanen Madina da suka raba gidajensu da dukiyarsu da waɗanda suka yi ƙaura daga Makka. A tarihinmu na kusa kuma, sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, ba da rumbu ya tafi ba, jama'ar da ke wannan gefe, irin su Aliyu Jeɗo da mutanensa, su ne suka tallafa masa. Saboda haka mai gudun hijira a idon jama'a ba almajiri ba ne mai bara, mutum ne mai haƙƙi a kan wanda ya iske.

Ban da addini, akwai tsarin da fatauci ya gina. A kan hanyoyin fatake akwai fatoma, a zangunan Hausawa na kurmi kuma akwai maigida, wanda baƙo zai sauka a wurinsa, ya ba shi ɗaki da abinci, ya tsaya masa a gaban hukuma da 'yan kasuwa. Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari filla-filla a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan. A ƙauye kuwa akwai zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, da ciyayya tsakanin maƙwabta, da gayya, da gudummawar biki ko ta gobara. Waɗannan ba na Hausawa kaɗai ba ne. Bafillace, da Margi, da Kamwe, da Kilba, da Bachama, kowa yana da nasa, kuma a wurin kowannensu abin kunya ne a ce ɗan garinku ya kwana a tasha alhali kana da zaure.

Sai dai a lura da abu ɗaya tun yanzu, domin za mu komo kansa. Duk wannan tsari an gina shi ne a kan cewa baƙo zai tafi. Hausawa suka ce baƙo raɓa ne. Falke zai sayar da kayansa ya koma, mai cin rani zai koma da faɗuwar ruwa, wanda yunwa ta koro, kamar a Kakalaba ta 1914, yana jiran kaka mai zuwa ne kawai.

Faɗuwar arewacin Adamawa

An sa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno, Yobe da Adamawa a watan Mayu na 2013, amma sai a damunar 2014 ne mayaƙan Boko Haram suka koma kama garuruwa suna zama a cikinsu. Gwoza ta faɗi a farkon watan Agusta. Daga nan suka gangaro kudu ta gindin duwatsun Mandara: Madagali a ƙarshen Agusta, Gulak da Michika da Bazza a farkon Satumba. Ranar 29 ga Oktoba suka shiga Mubi, gari na biyu a girma a jihar, suka sake masa suna. A ranar ce kuma hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi ta faɗa hannunsu. Kafin tsakiyar Nuwamba sun taɓa Hong da Gombi. Karatu ya tsaya a Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, da Kwalejin Ilimi ta Hong, ɗalibai da malamai suka shiga cikin masu gudu.

Wasu suka hau duwatsu, kamar yadda kakanninsu suka riƙa yi a zamanin hare-haren Hamman Yaji, Hakimin Madagali wanda Turawa suka tuɓe a 1927. Wasu suka ƙetara Kamaru, wadda ba baƙuwar ƙasa ba ce gare su, tun da yake wannan yanki yana cikin Kamaru ta Arewa ne har zuwa ƙuri'ar raba-gardama ta 1961. Mafi yawa kuwa suka kama hanyar Gombi, Song da Girei, a ƙafa ko a bayan manyan motoci, har suka haye gadar Binuwai suka shiga Jimeta.

Wajibi ne a tuna halin da gwamnatin jihar take ciki a wannan lokaci. A watan Yuli na 2014 majalisa ta tsige Gwamna Murtala Nyako. Kakakin majalisar, Ahmadu Umaru Fintiri, ya riƙe kujerar na wucin gadi, sa'an nan a ranar 8 ga Oktoba kotu ta ce a rantsar da Bala James Ngilari. Watau daga Yuli zuwa Oktoba na wannan shekara, mutum uku suka zauna a kujerar gwamna, kuma hankalin 'yan siyasa duka ya karkata ga zaɓen 2015. An buɗe sansani a filin horar da matasa masu yi wa ƙasa hidima da ke Damare, da Malkohi, daga baya da Fufore. Amma waɗanda suka shiga waɗannan wurare 'yan kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta da waɗanda suka iso. Ƙiyasin da masu aikin agaji na garin suka bayar shi ne mutum wajen 400,000 suka kwararo Yola da kewayenta, watau kusan kwatankwacin mazauna garin.

Gidan ma'aikaci

Ina sauran suka shiga? Amsar tana cikin tarihin mulkin jihar. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 aka mai da Yola babban birni, kowace ƙaramar hukuma ta sami 'ya'yanta a can: malaman makaranta, ma'aikatan sakatariya, 'yan sanda, direbobi, masu gadi, da 'yan kasuwa, musamman mutanen Michika waɗanda suka yi suna wajen saye da sayarwa. Kowane ɗaya daga cikinsu ƙofa ce ga ƙauyensu. Wanda ya gudo bai tambayi hanyar sansani ba, ya tambayi gidan ɗan wansa ne, ko na surukinsa, ko na ɗan maƙwabcinsu da aka ce yana aiki a Yola. Ta haka gida mai ɗaki biyu ya wayi gari da mutum talatin ko fiye, mata da yara a ciki, maza a tsakar gida ko a baranda, ga hunturu ya kawo kai.

A nan ne akwai wani abu da nake ganin masu nazari ba su ba shi haƙƙinsa ba. Ma'aikacin gwamnati a gari irin Yola ba da albashi kaɗai yake rayuwa ba. Da kaka ta yi, buhun masara, da na dawa, da wake, da gyaɗa, sukan zo masa daga gida, wani ma yana da gonarsa can da 'yan'uwa ke lura masa da ita. To, gudun nan ya faɗo ne daidai watannin Satumba zuwa Nuwamba, amfanin gona yana tsaye ba a girbe ba. A wannan shekara buhu bai zo ba, masu aiko da buhun ne suka zo da kansu, hannu rabbana. Saboda haka mai masaukin ya yi hasara ta fuska biyu a lokaci ɗaya: rumbunsa na ƙauye ya tafi, bakunan da zai ciyar kuma sun ninka sau biyar ko sau shida. Bugu da ƙari farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya a wannan lokaci, aka karya darajar naira a watan Nuwamba, kuma kafin tsakiyar 2015 jihohi da dama sun kasa biyan albashi a kan kari.

Nauyin yau da kullum kuwa a kan mata ya faɗa. Maigida shi ne zai ce a shigo, shi ake yi wa godiya. Uwargida ce za ta san yadda mudu biyu zai isa inda ake bukatar biyar, ita za ta raba tabarma da zane, ita za ta nemo itace da ruwa, ita ce kuma za ta sasanta faɗan yaranta da na baƙi. Babu wata rajista da ta ɗauki sunan waɗannan mata.

Gidauniya iri biyu

A ranar 31 ga Yuli 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya tara manyan attajirai da gwamnoni da shugabannin kamfanoni a wata liyafa a Abuja, domin kafa asusun tallafa wa waɗanda ta'addanci ya shafa, a ƙarƙashin shugabancin Janar Theophilus Ɗanjuma. A wannan dare aka yi alkawarin sama da naira biliyan 50. Asusun ya yi aiki daga baya, ya gyara makarantu da asibitoci, ba a musun wannan. Amma Janar Ɗanjuma da kansa ya sha fitowa yana kukan cewa da yawa daga cikin masu alkawarin ba su cika ba. Sa'ad da Mubi ta faɗi, wata uku bayan liyafar, ba wannan kuɗi ne ya dafa tuwon da aka ci a Jimeta ba. Ruwan da ya dake ka, in ji Hausawa, shi ne ruwa.

Gidauniyar da ta yi aiki a watannin farko ƙarama ce, kuma a warwatse take. A masallatai akan yi sanarwa bayan salla a shimfiɗa mayafi, a majami'u akan ware baiko na musamman, ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya suka yi karo-karo, 'yan kasuwa suka ba da mudu ko buhu, mata suka tattara tsofaffin tufafi da tukwane. Irin wannan ba ya shiga jarida, domin ba a kiran mai ɗaukar hoto a kan mudu uku na masara.

Abin da ya ɗaure waɗannan ƙananan hannuwa wuri ɗaya shi ne Ƙungiyar Wanzar da Zaman Lafiya ta Adamawa. An kafa ta a watan Janairu na 2012, lokacin tarzomar janye tallafin man fetur, bisa jagorancin Alhaji Ahmed Joda, tsohon babban sakatare a gwamnatin tarayya kuma ɗan asalin Yola, tare da Dokta Margee Ensign, shugabar Jami'ar Amurka ta Nijeriya a lokacin. Ta ƙunshi malaman Musulunci, da limaman Kirista, da 'yan kasuwa, da shugabannin mata, irin su Imam Dauda Bello da Bishop Stephen Dami Mamza na ɗariƙar Katolika. Asalin manufarta a hana matasa faɗawa cikin fitina ne, ba rabon abinci ba. Amma tun a watan Maris na 2014 ta kai kayan agaji Mubi bisa kiran Sarkin Mubi, don haka da ambaliyar ta iso Yola, an riga an san juna, an kuma san wanda za a kira.

Kuɗin ya fito daga ma'aikatan jami'ar da ɗalibanta, da wanda ya kafa ta, Alhaji Atiku Abubakar, da 'yan kasuwar gari, da wasu masu taimako daga waje. Amma a ganina dabarar rabon ta fi yawan kuɗin muhimmanci. Maimakon a ce kowa ya koma sansani kafin ya sami abinci, sai aka bi mutane inda suke. Limamin unguwa da faston unguwa su suka san gidan da ke da baƙi, su suke kawo sunaye. Sa'an nan a sa rana a tara jama'a a harabar Babbar Majami'ar Santa Tereza da ke Jimeta, ko a wata cibiyar Musulmi, a raba masara da shinkafa da wake da mai, yawanci a hannun mata, ba a tambayar addinin mai karɓa. Watau ba a ƙwace baƙon daga hannun mai masaukinsa ba, an ƙara wa mai masaukin ƙarfi ne. Alƙaluman da jami'ar ta bayar sun nuna cewa mutum kusan 300,000 suka amfana. Wannan ƙiyasi ne na masu aikin, kuma mai tarihi zai karanta shi da cewa wanda ya karɓi rabo ba lalle ne ya ƙoshi har wata ya ƙare ba. Duk da haka babu wata hukuma a jihar da ta kai ga ko kusa da wannan adadi a wancan lokaci.

Akwai mai cewa ai jami'ar ta wani babban ɗan siyasa ce, kuma zaɓe yana tafe, saboda haka kyautar ba don Allah kaɗai ba ce. Ba aikin mai tarihi ba ne ya tona zuciyar mai kyauta. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne, da jami'ar ba ta sami limamai da fastoci da matan unguwa da suka riga suka buɗe ƙofofinsu ba, da kuɗinta bai san inda zai nufa ba.

Sa'ad da raɓa ta ƙi bushewa

An ƙwato Mubi a watan Nuwamba na 2014 da taimakon maharba da 'yan banga, Michika a ƙarshen Janairu na 2015, Madagali kuma a watan Maris. Mutane da yawa suka koma kafin damuna, wasu don begen gida, wasu kuwa don sun ga fuskar mai masaukinsu ta fara sauyawa, ko da bakinsa bai ce komai ba. Suka tarar da gidaje a ƙone, rumbuna a wofi, gadoji a karye. Ƙungiyar zaman lafiyar ta bi su da irin shuka, domin wanda ya rasa kaka ɗaya, in bai yi shuka ba, ya rasa ta biyu ke nan.

Waɗanda suka rage su ne jarrabawar gaske: mutanen Gwoza da na ƙauyukan Madagali da ke bakin dajin Sambisa, waɗanda garuruwansu ba su zaunu ba. A watan Mayu na 2015 aka kawo Malkohi mata da yara 275 da sojoji suka kuɓutar daga Sambisa, a watan Agusta kuma Kamaru ta koro dubban 'yan Nijeriya ta kan iyakar da ke kusa da Mubi. A daidai wannan lokaci tsoro ya shiga tsakanin baƙo da mai gida. Bom ya tashi a kasuwar Jimeta a watan Yuni, ya tashi a cikin sansanin Malkohi kansa ranar 11 ga Satumba, a wani masallacin Juma'a a Jambutu ranar 23 ga Oktoba, sa'an nan a wata mahadar jama'a a Jimeta ranar 17 ga Nuwamba, inda mutum sama da talatin suka rasu. Wanda jiya ake cewa ya shigo ya sha ruwa, yau sai an tambayi wanda ya san shi. Matan da suka fito daga hannun mayaƙan, da 'ya'yan da suka haifa a can, su ne suka fi ɗanɗana wannan ƙyama, kuma a wasu lokuta daga danginsu na jini.

A nan ne hukuma ta ci moriyar al'adar ba tare da ta biya ba. Tun da yake agajin gwamnati da na manyan ƙungiyoyi ya fi bin sansani a farkon al'amari, gidan da ya sauki mutum talatin bai shiga lissafi ba, sai ya ci bashi, ko ya sayar da akuya da babur, ko ya jinkirta kuɗin makarantar 'ya'yansa. Yabon da muke yi wa karimcin jama'a gaskiya ne, amma in ba a yi hattara ba yakan zama mayafin da masu alhaki ke rufe fuska da shi. Al'adar da aka gina don baƙon kwana uku ko na rani ɗaya ba ta da tanadin fili, ko makaranta, ko sana'a ga baƙon shekara biyar.

Misalin Majami'ar Santa Tereza ya isa ya nuna tsawon wannan zama. Bishop Mamza, wanda shi kansa mutumin Bazza ne, ya buɗe harabar majami'ar da makarantunta ga dubban mutane a 2014. Yawancinsu suka koma gida, amma wasu iyalai suka rage, ba su da inda za su. Sai a shekarar 2021, da taimakon ƙungiyar Katolika ta Missio da ke Jamus, aka gama musu gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin Ƙaramar Hukumar Girei, da makaranta da majami'a. Da yake akwai iyalan Musulmi a cikinsu, Bishop ya gina musu masallaci da kuɗin cocin, abin da ya ce ya jawo masa suka daga wasu mabiyansa. Wanda ya buɗe unguwar shi ne Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri, mutumin Gulak a ƙasar Madagali, wanda yake riƙe da kujerar na wucin gadi a watan da garinsu ya faɗi. Yaran da aka shigo da su harabar majami'ar a goye, sun isa shiga firamare ranar da aka miƙa wa iyayensu makullan.